Na'urar Cikin Rumbu

Tun ranar da mutanen furoje, masu aikin tallafa wa manoma, suka zo ƙauyensu a Gangara, Ɗanmalam bai yarda da abin nan ba. Wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana, wai a rataye a rumbu ta riƙa faɗin zafi da danshi, kada hatsi ya ruɓe.

"Faɗa wa wa?" ya tambayi Firdausi, ma'aikaciyar da ta kawo ta.

"Kai kaɗai, Baba. Saƙon murya za ta aiko a salularka."

Ɗanmalam ya ce a ransa, yau rumbu, gobe ɗakin kwana! To amma maigari ya karɓa, kowa ya karɓa, ƙi sai ya jawo magana. Sai ya yi dabara: ya hana tasa lambar, ya ba da ta uwargida Ummuhani, tsohuwar salular da kullum ba caji. Su je su yi ta magana da gawa.

Yana da dalili. Ruwa ya yanke masa bara, gero ya ƙare tun kafin azumi. Rumbun magidanci kuwa ba mai leƙawa sai shi. Ranar kasuwa yakan auno 'yan tiyoyi a ɓoye, ya hau rumbu da su cikin babbar riga, ya sauko yana karkaɗe hannu kamar mai dami ɗari. Mutuwa ta fi masa sauƙi a kan iyali su san ya gaza.

Duk wanda ya gaishe shi da fara'a, sai ya ɗauka asirinsa ya tonu. Firdausi ta wuce a babur ta ɗaga hannu, ya ce shi ke nan, an karanta sirrinsa a buro, wato ofishinsu. Ranar Juma'a haƙuri ya ƙare, ya ciro na'urar ya ɗauko taɓarya.

"Malam, bar ta," in ji Ummuhani daga bakin murhu.

"Munafuka ce! Tona ni za ta yi a gari."

"Ba ta gaya wa gari ba." Ta kwance bakin zane ta fito da salular, cike da caji. "Wata biyu ke nan tana ce mini a duba rumbu, kamar ba hatsi ciki."

Taɓaryar ta yi masa nauyi. Sai yanzu ya tuna: wata biyu ke nan Ummuhani na cewa ciwon ciki ya hana ta cin tuwon dare.