Rinin Furfura

"Kada ka ƙara kanwar nan," in ji matarsa, tana tsaye a ƙofar banɗaki.

Ya ƙara. Mutumin da ya karanci kimiyyar sinadarai ba a koya masa haɗa rinin gashi. Tun da kamfaninsu ya rufe yake zaman gida, yau kuma wani kamfanin magunguna ya kira shi ganawar ɗaukar aiki. Ya riga ya sa wa ransa cewa furfura ce take kayar da shi a ko'ina.

"Kanwa tana buɗa gashi, rinin ya shiga da wuri," ya ce.

Gashin kuwa ya buɗu. Da ya wanke kan, rabi ya bi ruwa, sauran ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Matar ta matsa masa lemon tsami ko za a ceci abin da ya rage, tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Da ta ga idonsa ya kawo ruwa, tausayi ya kama ta, ta ɗauko masa hula.

A ɗakin ganawa, shugabar sashen gwaji ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, yawancin magungunanmu furotin ne. Me ya sa wani yake lalacewa da wuri, wani ya daɗe?"

Nan fa aka zo gidansa.

"Ranki ya daɗe, furotin a naɗe yake. Ƙwayoyin amino da ke can ciki a ɓoye suke, iskar oksijin ba ta kai musu. Na waje su ne a fili. In tsamin ruwan da furotin ɗin yake ciki ya canza, ya yi yawa ko ya yi kaɗan, naɗin sai ya warware, na cikin su fito, oksijin ta far musu. Masu ɗauke da farar wuta su ake fara ci."

"Kana da misali?"

Daɗin magana ya ɗebe shi. Ya cire hular.

"Gashi ma furotin ne," ya ce. Ya bi kan nasa da yatsa, yana nuna inda kanwa ta buɗa, inda sinadarin rini ya tsinka igiyoyin da ke riƙe da gashin, da ɗan gefen da tsami ya ceto. Tun da yake bai taɓa yin bayani mai kyau irin wannan ba.

"Ban taɓa jin wanda ya fayyace shi haka ba," ta ce. "Duk ka san wannan kafin ka zuba?"

"Na sani."

"Kuma ka zuba." Ta rufe takardunsa. "To, Malam, za ka ji daga gare mu."

Ya san ma'anar wannan, an sha faɗa masa. Yana mayar da hula aka shigo da na bayansa, wani mutum mai kai fari fat. Shugabar ta miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera. Dama mai shekaru muke nema."