Ƙwai Goma Sha Ɗaya a Kular Malam

Jiya bayan azahar na kishingiɗa a tabarma, barci ya sace ni, na yi wani mafarki.

Kafin in faɗe shi sai na faɗi abin da ke gabana. Maigidana, Malam Sabi'u mai gyaran rediyo, ya rasu wata bakwai ke nan. Cikin abin da ya bari akwai wata kaza wake-wake da yake ji da ita, da wata tsohuwar kular ƙanƙara da ya huda ya sa mata ƙwan lantarki da batir, wai injin ƙyanƙyasa. Yana raye ban taɓa kallon kular nan sau biyu ba. Kazar ta yi kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya, ranar kwana na tara muzuru ya ɗauke ta. Na kwashe ƙwan da ɗuminsu na zuba a kular Malam, na kunna, ina juya su safe da yamma yadda na riƙa ganin yana yi. Jiya suka cika kwana goma sha takwas. Iyakar sanina ke nan. Abin da ake yi daga nan, da shi ya tafi.

A mafarkin na gan ni da kular a kaina, a wani gari mai kama da Kazaure amma an juya masa baya gaba. Mutane a tsaye suke cak, hanya ce ke tafiya. In ka ga ƙofar da kake so ta iso, sai ka sauka. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa, mata sun kife robobi a saman kawunansu suna tara. Na sauke kular na naɗe gindinta da mayafina don kada ƙwan su jiƙe.

Wata ƙofa ta iso, an rubuta Ofishin Kwanci a kanta. Na sauka.

A ciki akuya ce zaune bayan tebur, da tabarau. Duk takardar da aka miƙa mata sai ta buga hatimi, ta karanta, sannan ta cinye. Kaji sun yi layi a benci, kowace ƙwai ne ke kwance a bayanta suna ɗumama ta. Na yi sallama, akuyar ta amsa ba ta ɗago ba.

"Baiwar Allah, zafi kika zo nema ko mutum?"

Na ce, "Duka biyun, ranki ya daɗe."

"Ba ma ba da biyu rana ɗaya. Zaɓi."

Na dubi kular. Na san abin da ya kamata in ce, ƙwai goma sha ɗaya na jirana. Bakina ya ce, "Mutum."

Ta buga wa tafin hannuna hatimi, ta shinshina shi, ta fasa ci. Ta kaɗa ƙararrawa. Masinjan da ya shigo kazar nan ce wake-wake, da ɗan ɗankwali a wuya. Tana ganina ta sunkuyar da kai.

"Uwar ɗakina, ki yafe ni. Ban gama aiki ba aka zo da mota."

"Ba laifinki ba ne," na ce. "Ni ce ban toshe ramin akurkin ba."

"Ai an wuce wurin. Cire takalmi, ciki za mu shiga."

Ta ɗaga murfin kular da baki.

Sai ga ni a ciki. Faɗin wurin ya kai tsakar gidanmu. Ƙwan lantarkin na rataye a sama kamar ranar hantsi, ƙasa shimfiɗe da ƙaiƙayi, ƙwan nan kuwa kowanne ya kai randa, da alamar gawayin da na yi musu da hannuna. Can tsakaninsu wani mutum ya ba ni baya, ya dafa ƙwai ɗaya yana mirgina shi a hankali. Rigar nan ce ruwan toka mai ƙunar dalma a aljihu. Sukudireba a bayan kunne.

Na tsaya.

Ya ce, bai juyo ba, "Uwani, kin cika juya su da ƙarfi. Ba waina ba ce."

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannu. Kin rame."

"Kai kuma ka yi ƙiba."

"Nan ba a cin abinci, shi ya sa."

Ya share mini wuri a ƙaiƙayi na zauna. Ya tambaye ni 'yarmu Ramlatu, na ce ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunansa. Ya ciro sukudireban ya duba bakinsa ya mayar. Ya tambayi kwanon ɗakin girki, ko har yanzu yana yoyo. Na ce yana yi. Ya ce da a garin nan ne da ba komai, ruwan fita zai riƙa yi.

Daga nan ya kama hannuna ya kai ni gaban wani ƙwai. "Sa kunne."

Na kara kunnena. Labarun duniya ake karantawa a ciki. Na gaba kiɗan garaya. Na gaba ana faɗin yanayin damina. Ya ce kowane ƙwai da tasharsa, in ya yi shiru kwana biyu to baragurbi ne. Duka sha ɗayan suna magana. Da muka zo na ƙarshe, ƙarami a lungu, ya murɗa shi kaɗan kamar mai neman tasha, sai na ji muryata, tsaf, da faɗa:

"Malam, wai yaushe za ka kwashe mana tarkacen nan? Mutum ya rasa inda zai sa ƙafa a ɗakinsa saboda wayoyi da kula!"

Kunya ta rufe ni. Na tuna ranar, da safe ne, yana durƙushe yana ɗaura waya.

Na ce, "Kashe wannan, don Allah."

"A'a. Ita nake kamawa kullum. Ta fi sauran fita tar."

Na sa gefen zanina na goge ido. Hawayen ba su sauko ba, sama suka yi, suka taru a jikin murfi. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce madalla, dama wurin na son laima.

"To saurara," ya ce, ya koma muryarsa ta koyarwa. "Daga yau kin gama juyi. Ki ƙara ruwa a ɗan kwanon nan, ki jiƙa tsumma ki sa, ki rufe. Kwana uku kada ki buɗe. Za ki ji kuka a ciki, za ki ga ɗan baki ya huda ɓawo ya tsaya, ranki zai ce ki taimaka masa. Kada ki taɓa. Wanda aka ɓare wa ba ya tsayawa da ƙafarsa."

"Na ji. Kwana uku."

"In sun bushe, tsaki da ruwa a murfin kwalba, ki sa tsakuwa ciki kada su faɗa."

"Na ji, Malam." Na gyara zama. "To ka taso mu je gida mana. Na jiƙa wake, alale zan yi. Kujerarka na nan, ban bari kowa ya zauna ba."

Ya dubi murfin, ya dube ni. "In na fita zafin ya fita."

"To ni in zauna. Ba zan dame ka ba. Ko tarkacen ba zan ƙara magana ba."

"Nan masu jiran fita ne kaɗai ke zama, Uwani. Ke kin riga kin fita."

Ƙaiƙayin da nake kai ya fara tafiya da ni, kamar hanyar garin. Shi yana nan inda yake, ni ina nisa. Na miƙa hannu na kamo yatsunsa biyu, da ɗumi, da kaushin nan nasu. Ya biyo ni taku ɗaya.

"Af, na manta," ya ce. "Akwai abin da tun ranar da aka kawo ki nake so in gaya miki, kullum sai in ce gobe. Uwani, ni dai..."

Ya buɗe baki, abin da ya fito ƙara ce, gurrr, mai girgiza ƙasa.

Na farka. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, an kawo wuta. Rana ta karkata, tabarma ta yi mini zane a kumatu. Ta saman katanga maƙwabciyata Asabe ta ɗaga murya:

"Maman Ramlatu! In kina da markaɗe ki kawo yanzu kafin su ɗauke!"

Na ce, "To, ina zuwa."

Ban tashi ba. Na juya na fuskanci bango, na rufe ido, ko zai ƙarasa maganar. Injin bai bari ba.