Kafin Buta Ta Tafasa

A yi mini afuwa tun daga farko. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Amma abin da na gani a jami'ar su Yaya ya ƙi barin kaina, shi ya sa na yi ƙarfin hali. Inda na yi tuntuɓe a ɗauke kai.

Yaya tana shekarar ƙarshe a digirinta na biyu. A jami'arsu akwai wani ofis da ke kula da irinsu: a koya musu neman aiki, a haɗa su da manyan malamai, a tura wasu taron masu bincike. Wannan taron Yaya take so, don a can ake haɗuwa da masu ɗaukar ɗaliban digiri na uku. Bara ta nema ba ta samu ba. Bana ce damarta ta ƙarshe.

Sai dai matar da ke riƙe da ofishin tana da wata al'ada. Ba ta tura kowa sai ya zo da mutum daga gida, wanda bai san komai a kan karatunsa ba. Za ta kunna butar lantarki, ɗalibi ya yi bayanin bincikensa kafin ruwan ya tafasa, sannan a tambayi baƙon abin da ya fahimta. Shi ya sa ɗalibai ke kiranta Uwar Buta, har a gabanta.

Mama ta ce ita gwiwarta ba za ta hau bene ba. "Ki tafi da Auta. Ba ita ce mai cinye littattafai ba?"

"Haba Mama! Wannan da ko sallama aka yi sai ta shige bayan labule?"

Ina bayan labulen kuwa lokacin da Yaya take faɗa. Amma babu wani, dole aka tafi da ni.

A cikin bas Yaya ta matso kusa da kunnena. "Saurara. In an tambaye ki, ki ce: bincikenta ya shafi tasirin ma'aunin zafi a kan tsirowar iri masu taurin ɓawo. Maimaita."

Na yi ta maimaitawa har muka sauka. Ban san ma'anarsa ba, amma ya zauna a bakina.

Jami'ar ta fi yadda nake zato. Mun wuce wani gini mai tagogin gilashi, na hango kantocin littattafai har rufi, ƙafata ta tsaya da kanta. Yaya ta fizgi hannuna. "Ba yawon buɗe ido muka zo ba."

Ɗakin Uwar Buta ƙarami ne. Dogon tebur, kujerun roba, kofuna da babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. A tsakiya ga butar, fara, murfinta ɗaure da waya. Na yi mamaki, wai wannan abar ce manyan mutane masu gemu ke tsoro. Ita kanta matar gajera ce, tabarau a goshi, tana ta tambayar kowa lafiyar gida.

Wani dogo da ake kira Injiniya ya fara. Da kawunsa ya zo. Buta tana ta gurnani, shi kuma yana ta zuba, har ta yi ƙas ta mutu bai kai rabi ba. Uwar Buta ta juya. "Baba, me ɗanku yake yi?"

Kawun ya gyara hula. "Wallahi Hajiya, tun yana ƙarami yake kwance mana rediyo. Ina jin dai har yanzu bai daina ba."

Aka yi dariya, har Injiniyan. Uwar Buta ta ce ya dawo wani makon da kawun nasa. Amma na ji ana raɗa cewa yau za a rufe sunayen masu zuwa taro.

Sai Yaya. Ta miƙe, aka zuba sabon ruwa, aka danna. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Yayar da ke cika gida da faɗa ta koma kamar mai karanta labarai. Kalmomi manya manya, kowace ta fi ta baya nauyi. Ni kuwa hankalina ya tafi kan butar: yadda take fara tsaki, ta koma gunaguni, tururi ya leƙo ta baki. Ƙas. Yaya ta gama daidai, ta zauna tana share goshi.

"To, 'yar ƙanwa," in ji Uwar Buta. "Me yayarki take yi?"

Duk idanu suka dawo kaina. Na buɗe baki, na nemi abin da aka koya mini a bas, babu shi. Ko kalma ɗaya. Yaya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Tana... tana satar ruwan fulas ɗin Mama," na ce.

Wani ya shaƙe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma Uwar Buta ta sauke tabarau kan hancinta. "Ta yi me da shi?"

"Ta zuba wa 'ya'yan itatuwa a kofi. Ta jera a taga. Wasu su tsiro, wasu su ruɓe ɗakinmu ya yi ta wari." Akwai abin da na daɗe ina son tambaya, a gida kuma Yaya ba ta da lokacina. Sai kawai ya fito. "Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba sa dahuwa? In aka zuba wa wake ruwan zafi ai ba ya tsirowa."

Yaya ta manta inda take. Ta juyo gaba ɗaya, kamar muna tsakar gida.

"Ke dai ba kya lura! Wake ɓawonsa kamar takarda ne. Waɗannan kuwa taɓa ki ji." Ta zaro wasu baƙaƙen iri daga jaka ta zube mini a tafi. Kamar tsakuwa. "Ruwa ba ya shiga. Sai su yi shekaru a ƙasa suna barci. A daji akuya ce ke haɗiye su, cikinta ya lallasa ɓawon, ta kasayar, sannan su tsiro. To masu renon itatuwa za su zauna jiran akuya? Shi ne nake neman zafin da zai buɗe ɓawon bai taɓa ɗan abin da ke ciki ba. Ya yi yawa su dahu, shi ne warin da kike ƙorafi. Ya yi kaɗan su ci gaba da barci. Kuma kowace bishiya da nata zafin."

Kawun Injiniya ya ɗaga yatsa. "'Yata, ashe aikin akuya kika karɓa."

"Shi ne, Baba," in ji Yaya, "sai dai ni ba na cin ganyen mutane."

Ɗakin ya kece da dariya. A cikin dariyar ne muka ji ƙas. Kowa ya kalli tebur. Ashe tun da na yi tambayata Uwar Buta ta ƙara ruwa ta danna butar, babu wanda ya lura.

"Kin riga butar," Uwar Buta ta ce wa Yaya. "Wancan na farko ban san wa kika yi wa ba. Wannan na biyun za ki kai taro, har da akuyar."

Yaya ta rufe baki da hannu biyu. Aka taso mata, wannan na tambayar sunan bishiyar, wancan na neman ta ba shi iri ya gwada. Uwar Buta ta fara zuba shayi tana ƙirga kofuna, na san kuma in ta zo kaina sai an sake kallona.

Ƙofa a buɗe take. Na damƙe irin da ke hannuna, na bi ta bayan kujerar kawun, na sauka benen a hankali. Ginin nan mai gilashi ba nisa, kuma ina so in san ko akwai littafin da ya yi maganar cikin akuya.