Turmin Maman da Ƙwallon Dabino

Inna Rabi ba ta son a koya mata aiki, balle daka. Shekara hamsin tana riƙe da taɓarya, tun daga Tasawa har unguwar Hindawiyya a Makka, inda take zaune da 'yarta Ummulkhairi a wani ɗan gida na langa-langa.

A shekarar 1965 Ummulkhairi ta haihu, zazzaɓi ya kwantar da ita, ruwan nono ya ɗauke. Jaririyar, Maryama, sai ta koma kan nonon akuyar gidan. To, ita kuma akuyar Makka ban da takardar buhun siminti da ɓawon kankana me take samu? Kullum abin da ake tatsa raguwa yake, har ya zama ko rabin moɗa ba ya kaiwa. Hankalin Inna Rabi ya tashi ƙwarai.

Maƙwabciyarsu Sa'adatu, haifaffiyar Makka ce, ta leƙo ta ga akuyar ta zama ƙashi da fata.

"Ya Hajja, ƙwallon dabino za ki ba ta. Haka Badawa, Larabawan daji, suke yi, wallahi nono har ya ishe ku. Amma ki sa shi a moya tukuna, ya jiƙa a ruwa kwana uku, ba'den ki daka."

"Tayyib, 'yar nan, na ji," in ji Inna Rabi.

Ta ji ɗin, amma ba ta ɗauka ba. A ranta cewa ta yi, yarinyar da ba ta taɓa surfa gero ba ce za ta faɗa mini yadda ake daka? Kuma ina jaririya za ta jira kwana uku?

Lokacin alhazai ne, ƙwallon dabino ko'ina a ƙofar masaukan unguwar Misfala. Kafin azahar ta cika ƙwarya biyu. Ta jawo turminta. Wannan turmi mijinta Maman ne ya sassaƙa mata shi a Sudan, shekarar da suka tsaya aikin auduga, kuma bai ƙaraso Makka ba, a Sawakin, bakin teku, aka binne shi. Duk abin da ya bari a duniya, wannan ne kaɗai ya haye teku da ita.

Ta zuba ƙwallon a bushe, ta ɗaga taɓarya. Bugun farko suka yi tsalle kamar tsakuwa. Ta ƙara ƙarfi, don Inna Rabi ba a yi mata gardama. A bugu na bakwai turmin ya ce ƙas, ya tsage daga baki har gindi.

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu damar yi ba a Sawakin. Sa'adatu da ta ji dakan ya tsaya ta shigo, ta duba. Ta kwashe ƙwallon ta zuba a garwa, ta cika da ruwa. Kwana ukun nan ita ta riƙa kawo nonon akuyarta ana ba Maryama.

Rana ta huɗu ƙwallon ya yi laushi. Suka farfasa shi a kan dutse, Inna Rabi tana yi tana gunaguni wai ruwan Makka ne ke da ƙarfi, ba dabarar kowa ba. Aka gauraya da ɗan dusa. Da aka rasa abin zubawa, sai Inna Rabi da kanta ta kwantar da tsagaggen turmin a gaban akuyar.

Kafin mako biyu akuya ta murmure, gashinta ya kwanta, moɗa ta fara cika har ana rage wa mai jego na shayi. Maryama ta yi kumatu.

Wata safiya Sa'adatu ta ce, "Ya Hajja, akwai wani kafinta a unguwar Tandabawi, zai ɗaure miki turmin da ƙarfe."

Inna Rabi tana zaune da jikarta a cinya, tana kallon akuyar ta tura kai cikin turmin.

"A'a, bar shi nan," ta ce. "Maman bai ga jikarsa ba, amma ga shi yana ciyar da ita."