Duwatsun Kwanar Kafinsoli

Ni ne hedman na leburorin En'e a hanyar Kankia, shekarar da motocin gyaɗa biyu suka kife a wuri guda. Kwana ce mai kaifi dab da Kafinsoli, gefenta kwazazzabo, ciyawar damina ta rufe bakinsa. Direba ba ya ganin ramin sai ya faɗa.

Baturen hanya ya zo ya auna, ya ce a jera manyan duwatsu a bakin ramin, a shafe su da farar ƙasa. Muka jera arba'in. Har yau bayana bai yafe mani ba.

Kafin sati, shida sun ɓace. Na zagi makiyaya, na zagi leburorina. Na kasa zama, na kasa cin tuwo, kullum ina kai da komo tsakanin gida da kwanar. Uku-uku suke tafiya, amma ni da kai kamar kabewa ban gane ba.

Hankalina ya fi tashi ran Juma'a, don ɗiyata Sa'a za ta taho daga Kusada goyon ciki, a motar Mamuda. Mamuda kuwa, Allah ya shirya, birki abokin gabansa ne. Bayan azahar na leƙa kwanar, sai ga giɓi a tsakiya, daidai inda ramin ya fi zurfi. Uku kuma!

Na koma gida ina huci. Ina shiga na tarar da matata Zinariya ta ɗora tukunyar wanka a sabon murhu, tana gwada shi, wuta na ci. Na dubi duwatsun. Gefe guda da ɗan sauran farar ƙasa.

"Zinariya! Ina kika samo waɗannan?"

"A bakin hanya mana. Kowa can yake ɗauka, sun fi zama daram. Ko da mi zan dafa ma ɗiyarka ruwan wankan jego? Da ƙafarka?"

"Ɗiyar taki ta kwanar nan za ta biyo yanzu!"

Ludayin hannunta ya faɗi. Muka ture tukunyar, na kai hannu, dutse ya ƙone ni. Ko da ma na iya ɗauka, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin, wa zai gan su? Ga hadari ya haɗo, gari ya dushe, ga kukan mota daga nesa.

Na sa farar rigata ta Juma'a na zura da gudu. Wallahi tsoro nake ji. Na shiga giɓin na tsaya, dugadugaina a bakin rami, na buɗe hannuwa.

Mota ta ɓullo tana tangaɗi da mutane da buhuna. Mamuda ya gan ni, ya danna ƙaho, ya murɗe sitiyari. Jikin motar ya shafi hannun rigata ya yage shi. Ta wuce, ta tsaya can gaba.

Sa'a ta leƙo daga sama, tana dariya, hannu a kan ciki.

"Baba, tarbata ka zo yi har nan?"

Sai na hango uwarta tafe cikin yayyafi, ba mayafi, ta naɗe dutse guda da tsumma ta ɗora a ka, yana tururi.