Tabar Fadamar Haladu

Kowa a kasuwar Dayi ya san Gwaggo Sabuwa mai dakan taba. Idonta ya fara gazawa, haƙora ma sun yi mata sallama, amma ba a ha'intar harshenta. In ta tauna ganye, za ta gaya maka ƙasar da ya tsiro. Tabar tudu ba ta da nauyi, ɗacinta a leɓe yake tsayawa. Ta fadama kuwa sai ka haɗiye yawu take kama ka a maƙogwaro.

Shi ya sa ranar da aka ritsa ɗanta Mannir da damin taba, ita aka aika a kira.

Haladu ne mai ƙara. Tun taba tana ɗanya aka shiga fadamarsa aka tsinke masa kusan rabi. Mannir ya rantse wannan ta gonarsa ce ta tudu, can hanyar Tsiga. 'Yan sintiri sun zagaye shi da gora, kuma mutanen nan ba su iya tambaya da baki ba.

"Gwaggo, ba na son kowa ya ɗanɗana sai ke," in ji Haladu. "In kika ce ta tudu ce, wallahi a gaban kowa zan ba shi haƙuri."

Tsohuwa ta durƙusa, ta zaro ganye daga tsakiyar damin. Mai kauri ne, danƙonsa na kama yatsa. Ta yaga, ta kai baki.

"Inna," in ji Mannir ƙasa-ƙasa. Ba ta dube shi ba.

Duk abin da ta faɗa, ba mai musawa, kuma ta san haka. Ta daɗe tana tauna, har Haladu ya sunkuyar da kai don tausayinta. Ta haɗiye yawu, maƙogwaronta ya ɗauka. Bayan ɗacin kuma sai ga hayaƙin kara da warin daddawa, na madafinta. Ita da hannunta ta ba Mannir igiya ya rataye ganyen a can, tana ta sa masa albarka wai ya kama noma.

Ta tofar, ta miƙe da ƙyar, ta tsaya tsakanin ɗanta da masu gora.

"Taka ce, Haladu, ta fadama ce. Kuma a madafina ta bushe. Malamai, in za ku tafi da shi, ku haɗa da ni."