'Yan Bayan Tandabawi

A shekarun nan na sittin akwai wani fili a bayan unguwar Tandabawi ta Makka, rabinsa yashi rabinsa tsakuwa, inda ƙungiyoyin unguwanni takwas suke buga ƙwallo bayan la'asar. Ba gasar manya ba ce. Kwamitin dattawa ne yake shirya ta, ana farawa idan alhazai sun watse, a gama kafin azumi. Doka ɗaya ce mai ciwo a cikinta: wadda ta zo ta ƙarshe sai ta tumɓuke sandunan ragarta ta bar filin, a sa wata a gurbinta. Ƙungiyoyi biyar ne a layi suna jira.

Tijjani tela shi ne shugaban ƙungiyar Tandabawi. Shi ya kafa ta, shi ya ɗinka rigunan da ragowar yadin labule, shi ya yi wata biyu yana zarya gidan shugaban kwamiti kafin a ba su wuri. Bana kuwa wasa uku suka yi, duk aka ci su.

'Yan bayansa huɗu ne: Garba, Rabi'u, Idris da Yunus. Dukansu masu ɗaukar shibriyya ne, wato gadon katakon nan da ake ɗora tsoho ko gurgu a kai a yi masa ɗawafi. Shekara goma sha ɗaya suna ɗaukar gado ɗaya, kowa da kusurwarsa. Ƙarfi kam akwai. Gudu ne babu.

Wata Juma'a Tijjani ya idar da salla ya zauna a Harami, sai ga su sun zo wucewa da wata tsohuwa Baturkiya a ka. Garba yana cewa "Taka," ƙafafu takwas su motsa kamar na mutum ɗaya. Ya ce "Tsaya," su tsaya cik. Tsohuwar har gyangyaɗi take. Tijjani ya bi su da ido zagaye uku, ya manta da tasbihin da ke hannunsa.

Washegari ya tara su a filin, ya ja layi da dunduniya.

"Daga yau kada wanda ya ƙara bin ɗan gaba da gudu. Ku jeru a nan. In za a turo masa ƙwallo, Garba ya ce taka, ku matso gaba tare, ku bar shi a bayanku. Satar gida ke nan, alƙali zai hura."

"Malam Tijjani," in ji Rabi'u, "mu bar mutum a bayanmu shi da gola? Wannan ai kyauta ce."

"Kai dai ka taka. Tunani aikin Garba ne."

"To mun shiga uku," in ji Idris. Garba ya jefe shi da tsakuwa.

Abin ya yi aiki fiye da yadda Tijjani ya zata. A wasa na huɗu sau tara alƙali yana hura satar gida, har ɗan gaban abokan karawar ya zauna a ƙasa yana zagin iska. Sai dai 'yan gaban Tandabawi ko ƙofar gari aka buɗe musu ba sa saka ƙwallo. Wasa uku a jere aka tashi babu ci. Mutane suka fara zuwa kallo don dariya kawai, suna taya Garba kiran "Taka!"

Saura wasa ɗaya, da 'yan unguwar Hindawiyya, yawancinsu direbobin tasi. Kwamiti ya ce canjaras ya ishi Tandabawi ta zauna. In aka ci ta, ta fita.

Ɗan gaban Hindawiyya shi ne Abdulganiyyu, ɗan ƙanwar Tijjani, haihuwar Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ana jibi wasa ya tsaya da tasinsa a ƙofar shagon.

"Kawu, a ina za ku ajiye sandunan? In kawo sayyara in taya ku ɗauka, kyauta wallahi."

"Ka kawo kujera dai. Zama za ka yi a bayan Garba har magariba."

"Tayyib, ya Kawu. Zan gai da Umma, in ce mata kana lafiya tukuna."

Ranar wasa jama'a ta cika har kan duwatsu. Rabin farko sau shida Abdulganiyyu yana faɗawa tarko. A na shida ya ɗaga hannu sama yana yi wa alƙali Larabci da sauri, Idris yana ce masa, "Fassara mana, ɗan ƙanwa, mu ma mu ji daɗi." Tijjani yana bakin fili, hularsa a hannu, ya murɗe ta har ta zama igiya. Inuwar dutse ta rufe rabin filin. Ya tambayi mai agogo, aka ce saura minti huɗu a tashi wasan, har yanzu babu ci.

'Yan Hindawiyya suka taso ta tsakiya. Garba ya buɗe baki zai yi kira. A daidai nan Yunus, wanda yake gefen hagu inda tsakuwa ta fi yawa, ya taka wani dutse mai kaifi da ƙafarsa babu takalmi. Ya ce "Wash," ya durƙusa a gwiwa ɗaya.

Sauran ukun suka durƙusa.

Ba wanda ya ce musu komai. Garba, Rabi'u da Idris suka sauka a gwiwa ɗaya a lokaci guda, wuya a miƙe, hannu ya tashi sama kusa da kai. Haka ake yi a ɗawafi: in kusurwa ɗaya ta sauka, sauran ukun su sauka nan take, in ba haka ba gado ya karkace, tsoho ya faɗo kan dutse.

Aka turo ƙwallo. Abdulganiyyu ya ratsa tsakanin mutum huɗu durƙusassu, har ya waiwaya don bai yarda da idonsa ba, sannan ya saka ta a kusurwa. Alƙali bai hura ba, don babu abin hurawa.

Da aka tashi, Tijjani ya nufo su yana huci. Yunus yana zaune yana ɗaure ƙafa da gefen riga.

"Me kuka ɗauko? Ku gaya mini! Wace tsohuwa ce a kanku?"

Rabi'u yana kallon gwiwarsa kamar ta wani ce.

"Garba, da kai nake!"

"Malam Tijjani, ni ma sai da na ji tsakuwa a gwiwata na san na sauka." Ya share gumi. "Shekara goma sha ɗaya, ko sau ɗaya ba mu taɓa kayar da mutum ba. Abin da ka gani ka jera mu a layi ke nan."

Tijjani ya warware hularsa ya sa, duk da ta lalace.

Bayan kwana biyu kwamiti ya aiko cewa a kwashe sanduna, sabuwar ƙungiya tana son kafa nata. Abdulganiyyu ya zo da tasinsa kamar yadda ya yi alkawari, amma sandar sama ta fi motar tsawo, kuma Tijjani ya ƙi a zare ƙusa ko ɗaya. Wani ya ce akwai ɗan fili a hawan unguwar Nakkasa, a karkace yake, amma ba mai shi.

Suka kwantar da ragar gaba ɗayanta, kowa ya kama kusurwarsa, suka ɗora a ka. Yunus yana ɗingishi, don haka sauran ukun suka rage taku daidai da nasa. Tijjani ya biyo su a baya da ƙwallo a hammata.

"Wannan filin," ya ce, "ta ina ya karkace?"

"Ta gabas," in ji Idris.

"To mu za mu riƙa zaɓar yamma a rabi na biyu, mu gangaro musu."

Garba ya ce, "Taka."